Yadda na ɗauko lambun Suzhou na ɗora a kan dandalin opera

Aikin da aka ba mu a ajin tsara dandali shi ne kowa ya zaɓi wasan opera guda, wato wasan kwaikwayo da ake rera shi da waƙa, ya fitar masa da fage tun daga zanen farko har zuwa samfurin da kafinta zai iya aiki da shi, sannan a gina wani ɓangare da cikakken girmansa a gwada a ƙarƙashin fitilu. Na zaɓi Mudan Ting, wato Rumfar Furen Mudan, wasan da Tang Xianzu ya kammala a 1598, wanda ake yi da salon Kunqu, tsohon salon waƙa da rawa da ya samo asali a Kunshan, kusa da birnin Suzhou na ƙasar Sin. Wasan yana da fitowa 55, amma duk abin da ya shafi zuciya a cikinsa a lambu ɗaya yake faruwa. Du Liniang, 'yar gwamnan Nan'an, ta shiga lambun bayan gidan mahaifinta tare da kuyangarta Chunxiang, ta dawo barci ya ɗauke ta, ta yi mafarkin wani saurayi ɗalibi, begensa ya kwantar da ita har ta mutu. Kafin ta cika ta zana hoton kanta, aka ɓoye shi a gindin wani dutse a lambun. Bayan shekara uku saurayin, Liu Mengmei, ya iso wurin ya tsinci hoton.

Kafin na taka ƙafa a kowane lambu na Suzhou don neman abin koyi sai da na bi rubutun wasan na fitar da duk inda aka ambaci wurin. Wannan matakin ne ya hana ni kwafo abin da masu yawon buɗe ido ke ɗauka a hoto. A fitowa ta 10, ranar da Liniang ta fara ganin lambun, furanni sun cika shi, amma waƙarta ta ambaci rusassun rijiyoyi da zubabbun katangu. Ashe tun farko wuri ne da aka yi watsi da shi. A fitowa ta 12 ta koma neman inda ta yi mafarkin ta tarar da shi wayam. A ta 24, inda Mengmei ya tsinci hoton, ya zama kango. Lambu ɗaya ke nan mai hali uku, kuma ko ɗaya daga cikin ukun bai yi kama da shararrun lambunan da ake sayen tikiti a shiga yau ba.

Lambunan Suzhou guda tara ne ke cikin jerin kayan tarihi na duniya na UNESCO, huɗu tun 1997, biyar aka ƙara a 2000. Na fara da mafi girma, Zhuozheng Yuan, wanda Wang Xianchen ya soma ginawa wajen 1509, mai faɗin hekta biyar da ɗoriya. Yana da kyau ƙwarai, amma ga mai tsara dandali ya yi yawa. Abu ɗaya na ɗauko daga can: idan ka tsaya a gabashin tafkin tsakiya ka dubi yamma, hasumiyar Beisi tana tsaye a ƙarshen ruwan kamar a cikin lambun aka gina ta, alhali tana can cikin gari. An bar mata rata ne tsakanin bishiyoyi. Ji Cheng, wanda ya rubuta littafin gina lambu mai suna Yuanye a 1631, ya ɗauki wannan aron abin kallo daga waje a matsayin babbar dabarar sana'ar.

Inda na zauna na yi karatu sosai shi ne Wangshi Yuan, wanda bai fi rabin hekta da kaɗan ba. Masanin lambuna Chen Congzhou ya raba kallon lambu gida biyu, kallon tafiya da kallon zama, ya ce babban lambu na mai tafiya ne, ƙarami kuma na mai zama. Ɗan kallon opera a zaune yake, ba zai zagaya ba. Don haka ƙaramin lambu ne malaminmu. Tafkin tsakiyar Wangshi Yuan kusan mita ashirin ne kowane gefe, amma ido yana ba shi fiye da haka, kuma dalilan a fili suke idan aka tsaya aka duba. Gine-ginen da ke bakin ruwa gajeru ne, manyan an ja su baya an sa duwatsu da bishiyoyi a gabansu. A kusurwoyi biyu ruwan ya tsuke ya shige ƙarƙashin gada ya ɓace, sai ka ɗauka ya ci gaba. Gadar dutsen da ke kudu maso gabas ba ta kai mita 3 ba, ƙanƙantarta ce ke sa ruwan ya yi girma. A rumfar da ke yammacin tafkin kuma an kafa babban madubi a bango, yana ninka abin da ke gabansa.

Yadda na yi awon ba wuya, sai dai yana cin haƙuri. Kayan aiki: littafin zane, fensir, tef na awo, da taswirar lambun. Ana shiga da zarar an buɗe ƙofa, kafin ayarin masu yawo su cika barandu. A duk inda hanya ta karya nakan tsaya, in sa lamba a taswira, in rubuta abu biyu: me ya bayyana da wannan takun, me kuma ya ɓuya. Sai in zana abin da ke gabana daga tsayin idona, ba tare da na leƙa gefe ba. Hoton waya ba ya wadatarwa, domin kyamarar tana buɗe kusurwa fiye da ido, ta mai da matsattsen tsakar gida fili, ta kuma haɗiye ratar da ke tsakanin bango da bango, wadda ita ce ake nema. Ina ɗaukar hoto don launi da tabon ruwan sama a jikin katanga, zurfi kuwa sai da tef da fensir.

A lambun Liu Yuan wannan hanyar ta fi ba da amfani. Daga ƙofar titi ba a faɗawa cikin lambun kai tsaye. Ana bin wani dogon lungu mai duhu-duhu, ya tsuke ya buɗe, ya karya hagu ya karya dama, jefi-jefi haske na saukowa ta 'yar tsakar gida mai bishiya ɗaya. A ƙarshensa ma ba a ba ka tafkin gaba ɗaya, sai ta tagogi masu saƙar ado, kowace da nata zane, kana hango ruwa da duwatsu gutsi-gutsi. Wanda ya tashi a tsohon gidan ƙasa na Kano ko Zariya ya san tsarin: zaure, ƙofar gida, shigifa, kowace ƙofa a kauce da 'yar'uwarta don kada ido ya zarce cikin gida. A wurinmu sutura ake nema, a can kuma jan rai ake yi don kallon ya ƙara daɗi. A lambun Canglang Ting, wanda Su Shunqin ya kafa a 1044, akwai baranda biyu jere da bango ɗaya a tsakaninsu, an huda shi da tagogi, mai tafiya ta ciki yana hango ruwan waje, na waje yana hango tudun ciki.

Da na baje zanukan nan a bango, abin da ya fito shi ne kyan lambun yana cikin jerin buɗewa da rufewa, kuma ƙafar mai tafiya ce ke kawo shi. Tunda ɗan kallona ba zai motsa ba, katangun ne za su yi tafiyar a madadinsa.

Akwai ƙa'ida ta biyu daga ɓangaren Kunqu kansa. A al'adance dandalinsa kusan fayau yake, tebur ɗaya da kujera biyu a kan darduma. Mai wasa ce ke haifar da lambun da idonta da mahucinta da dogayen hannuwan rigarta na siliki. Idan ta nuna fure a inda babu fure, 'yan kallo sun gan shi. Idan mai tsara fage ya dasa furen roba a wurin, ya ƙwace mata aikinta, kuma nasa furen ba zai kai nata ba. Waɗanda suka riga mu sun bi hanyoyi daban-daban. A 1999 Chen Shizheng ya gabatar da dukkan fitowa 55 a New York da tafkin gaske har da agwagi. A 2004 Bai Xianyong da ƙungiyar Kunqu ta Suzhou suka taƙaita shi zuwa fitowa 27 a dare uku a kan fage mai sauƙin kaya. A 2010 Tan Dun ya kai wasan cikin lambu na gaske a garin Zhujiajiao da ke yankin Shanghai. Ni na fi karkata ga ta biyun, don ita ce ke barin jikin mai wasa ya yi magana.

Dandalin da aka ba mu yana da buɗaɗɗen baki mita 12 da zurfi mita 11. Mita biyar na gaba na bar su babu komai. Katangu uku na tsara, kowace tsayi mita 3.6, faɗi mita 4.8, a kan layuka uku: mita 5, mita 7 da mita 9 daga bakin dandali. Ta farko tana da ƙofa mai siffar wata, ta biyu tagogi uku masu saƙa, ta uku lafiyayya ce ba huda, don ta karɓi inuwa. Ji Cheng ya kwatanta farar katanga da takarda, dutsen da ke gabanta da zane, kuma a kan wannan na dogara. Bayan haka sai dutse ɗaya, da reshen itacen mei ɗaya da ke saukowa daga sama, itacen nan da ke fure a ƙarshen sanyi kafin ya yi ganye, wanda a gindinsa aka binne Liniang. Rumfar da wasan ya ci sunanta ban gina ta ba, kusurwar rufinta kawai ke leƙowa ta bayan katanga ta biyu.

Samfurin farko da farin kwali ake yin sa, ba fenti, a ma'aunin 1:50, don a yanke a jefar ba tare da jin ciwo ba. Idan tsarin ya zauna sai a koma 1:25, inda santimita 4 ke wakiltar mita ɗaya, mutum mai tsayin mita 1.75 ya zama santimita 7. Wannan ɗan mutumin kwali shi ake fara yankawa, kuma ba a cire shi daga cikin akwatin samfurin, don da zarar babu shi ido yana rasa girman komai. Ana kuma ɗora akwatin a kan wani abu har ƙasansa ya yi daidai da ido. Mai kallon samfuri daga sama yana tsara wa tsuntsu ne, alhali mafi yawan 'yan kallo ƙasan dandalin da ƙyar suke ganinsa.

A nan ne matsala mafi girma ta fito, ta layin gani. A lambu, ƙofar wata tana kewaye dutsen da ke bayanta daidai wa daida saboda hanyar ta tilasta maka tsayuwa a wuri ɗaya. A zauren kallo mutane sun bazu. A ce dutsen yana mita 2 bayan ƙofar. Mai zama a ƙarshen layin farko, mita 6 daga tsakiya kuma mita 8 daga katangar, abin da yake hange ta cikin da'irar ya goce da mita ɗaya da rabi, dutsen ya koma can bakin da'irar, rabinsa ya ɓuya. Da na matso da shi zuwa mita ɗaya bayan ƙofar, gocewar ta ragu zuwa santimita 75, ya zauna cikin da'irar ga kowa. Ana gwada wannan da zare: a kafa allura a kujerun ƙarshe na hagu da dama da na saman bene, a ja zaren ta gefen ƙofar a ga inda ya faɗa. Duk abin da dole kowa ya gani, kusa da hudar ake ajiye shi. Zurfin da aka rasa, haske ne ke mayar da shi.

Ƙofar watan kanta sai da aka sauya ta. Na lambu galibi suna da dokin ƙofa da ake tsallakawa. Mai wasan Kunqu kuwa tana tafiya da gajerun taku masu sauri, kamar ana jan ta a kan ruwa, idonta ba ya kallon ƙasa, rigarta tana jan ƙasa. Dokin ƙofa zai kayar da ita. Na yi da'irar da faɗin mita 2.4, na sa tsakiyarta santimita 105 daga ƙasa, sai ƙasan dandali ya yanke gindinta ya bar hanya shimfiɗaɗɗiya mai faɗin mita ɗaya da 'yan kai, samanta kuma mita 2.25, wanda ya isa ga namiji mai takalmi mai kaurin tafi da hula. Daga kujera ido yana cike guntun da aka yanke da kansa. Kaurin bakin ƙofar santimita 30 na ba shi, ko da yake katangar firam ɗin katako ce da filawud mai kaurin milimita 6. Idan bakin ya yi siriri, nan take ake gane allo ne.

Kowace katanga tana kan gindi mai zurfin santimita 90 da tayoyin roba da birki, an danne bayansa da ƙarafan nauyi, don abu mai tsayin mita 3.6 a kan siririn gindi yana neman kifewa da zarar an tura shi da sauri. Tayoyi masu juyawa ko'ina suna sa katanga ta yi rawa, don haka aka sa marasa juyawa da siririn layin jagora a ƙasa. Masu turawa suna ɓoye a bayanta. Tafiyar a hankali take, mita uku cikin kusan daƙiƙa arba'in, a kan kiɗan sarewar gora, yadda ɗan kallo ba zai lura da motsin ba sai ya ga abin da ke cikin ƙofar ya canja.

Dutsen ya fi komai cin lokaci. Duwatsun lambunan Suzhou daga tafkin Taihu ake samo su, irin dutsen da ake yin siminti da shi ne, ruwa ya cinye shi ya huhhuda. Abu huɗu Sinawa ke dubawa a jikinsu: siranta, tamoji, kwararo a ciki, da huda da ke fita ta ɗaya gefen. Fitaccen cikinsu a Liu Yuan, Guanyun Feng, ya haura mita shida. Nawa mita 2.4 ne, kuma da na gaske ne da ya wuce tan guda. An yi shi da farin soso mai tauri, irin wanda ake sako firji a cikinsa, amma samfurin da aka yi wa maganin wuta, a kan ƙashin ƙarfe da aka ɗaure a gindin katako. Ana manna tubalan, a zana siffar ta gaba da ta gefe, a yanke da waya mai zafi a wuri mai iska, don hayaƙin ba shi da kyau ga ƙirji. Hudojin ake fara yi kafin a taɓa fatar, kuma kowace ta fita ta baya. Hudar da ba ta kai santimita 10 ba, daga mita goma sha biyar tabo ce kawai. Saman dutsen ya fi gindinsa faɗi, nan ne kyansa yake, kuma shi ya sa gindin katakon ke bukatar nauyi. Bayan sassaƙa ana karce shi da buroshin ƙarfe, a lulluɓe da tsummokin yadi marar kauri da aka tsoma a farin gam na kafinta, kashi biyu gam kashi ɗaya ruwa, a bar shi ya bushe sarai. Fentin ruwa kaɗai ake shafawa, daga mai duhu a ramuka zuwa mai haske a tudu. Fentin feshi na gwangwani yana narkar da soson duk inda yadi bai rufe ba.

A gwaji da mai wasa hannun rigarta ya maƙale a jikin dutsen, domin busasshen gam yana barin ƙananan ƙayoyi, siliki kuwa ba ya yafe musu. Daga ƙasa har tsayin mita biyu aka goge shi da takardar yashi aka sake shafawa har ya yi sumul, aka bar kaushin ga fenti. A gindinsa ta gefen dama na bar kogo mai faɗin santimita 50 inda akwatin hoton ke zama, a tsayin da Mengmei zai durƙusa ya ɗauko ba tare da ya juya wa 'yan kallo baya ba.

Ruwa na gaske na lissafa na ajiye. Tafki mai mita 6 da mita 3, zurfin santimita 10, lita 1,800 ne, kilo 1,800. Ƙasan dandali zai ɗauka, tunda kilo 100 ne a kan kowace murabba'in mita, amma ba ya matsawa, yana kusa da wayoyin fitilu, kuma hannun riga ɗaya ya jiƙe rawar ta lalace. Na shimfiɗa baƙar leda mai sheƙi mai faɗin mita biyu tsakanin katanga ta biyu da ta uku, inda ba mai takawa, ƙarshenta ya shige bayan katangu kamar yadda ruwan Wangshi Yuan ke ɓacewa. Tana ɗaukar hoton katanga da dutse sosai. Aibinta biyu ne: ƙura da sawun ƙafa suna kashe ta, sai an goge a lokacin hutu, kuma fitilar da ke haskowa daga baya tana faɗawa kanta ta daki idon na layin gaba, sai an karkatar da ita gefe. Filin wasa na gaba kafet ne mai gajeren gashi, launin toka. Daɓen tsakuwa mai ado da ke lambunan ban kawo shi ba, ba a rawa a kansa.

Farar katanga ma ba a yi mata farin fenti. Fari tas yana mayar da haske har fuskar mai wasa, wadda ita ma da fari da ruwan hoda aka yi mata kwalliya, ta narke a cikinsa, rigunan siliki masu haske su bi ta. Toka-toka mai haske aka shafa, sannan aka tsiyayo ruwan fenti mai duhu daga sama da soso don tabon damina, aka ƙara duhu da ɗan kore a gindi. A ƙarƙashin fitila ido yana karanta shi fari. Inuwar gora a katanga ta uku da rassan gaske aka yi ta, an rataye su a gefe a gaban fitila ɗaya tak mai kaifin haske. Fitila biyu suna ba da inuwa biyu masu dishi-dishi, hasken gaba kuma idan ya zubo kan katangar yana wanke inuwar, don haka aka yanke shi ya tsaya a ƙafar katanga ta farko.

Makaɗa suna zama a gefen dandali ta hannun daman 'yan kallo, kuma mai ƙaramar ganga da katakon kaɗawa shi ke riƙe da saurin wasan gaba ɗaya, yana bin ƙafar mai wasa da ido. A matsayinta na fitowa ta 12 katanga ta farko tana tare masa ƙofar shigowa da ke ɗaya gefen, don haka aka rage tafiyarta da santimita 60. Ana sa alamar kujerarsa a taswirar ƙasa tun farko, a ja masa layin gani kamar kowane ɗan kallo.

Halaye ukun lambun da kaya ɗaya aka fitar da su. A fitowa ta 10 katangun suna farawa a rufe, sun haɗe kamar bango guda, su buɗe ɗaya bayan ɗaya yayin da Liniang ke waƙa, har ruwa da inuwar gora su bayyana a ƙurya. A ta 12 suna tsaye a wuraren da suka tsaya a baya, amma an kashe fitilar inuwa, katanga ta uku ta zama fanko. A ta 24 an karkatar da ta biyu daga layinta, an cire saƙar taga ɗaya da aka yi ta a kan maƙalai don wannan, an sauko da labule shara-shara mai launin toka a gaban ta farko, wanda ke dusashe duk abin da ke bayansa idan an haska shi ta gaba. Abin da na miƙa wa masu gini shi ne taswirar ƙasa ta kowace fitowa a 1:50, zanen yanke na gefe mai nuna tsayin fitilu da layin gani daga bene, zanen kowace katanga a 1:25 da bakin ƙofar wata a 1:5, guntayen filawud da aka yi wa fentin gwaji, da takardar da ke nuna a kan wace gaɓar waƙa kowace katanga ke tashi, da inda birkinta zai kama.